Dutsen da Ya Faɗo a Masussuka

Zabi ne suka fara yin shiru.

Muna masussuka a bayan gari, ni da uwar mijina da nake ce wa Inna, hantsi ya ɗaga. Ita tana sussuka ina sheƙa, yaron kuma yana kwance a kan zani a inuwar aduwa. Tun safe zabin gidanmu suke biye da mu suna tsince abin da ya zube, da surutun nan nasu da ba ya ƙarewa. Sai kawai na ji ɗif. Na sauke ƙwarya na waiga, na gan su sun lafe a ƙasa, kowace ta karkata kai tana duban sama da ido ɗaya kamar sun hango shaho. Ni ma na ɗaga kai. Babu shaho, babu ko ɗigon girgije, damina ta daɗe da ɗaukewa. Wani farin hayaƙi kawai na gani ya ja layi ya tsaga sama, bakinsa yana murɗewa kamar igiyar da aka saki.

Na ce, "Inna, dubi."

Ta dafa taɓarya ta duba, ta ce jirgi ne, ta koma aikinta. Har na sake ɗaukar ƙwarya. Sannan ƙarar ta iso. Ban ji ta da kunne ba kafin in ji ta a ciki, gum, gum, sai rugugi mai tsawo yana birgima ta kan gonaki. Bayansa wani kuka ya taso sama da kanmu, irin na dutsen da aka sako daga majajjawa, yana ƙaruwa yana kusantowa, sai tim! Ƙura da ƙaiƙayi suka tashi tsakanin turmi da inuwar da yaron yake.

Ɗana na fari ne. A wurinmu ba a faɗin sunan ɗan fari, ba a yi masa wasa gaban surukai, nono ma sai an juya baya ko an shiga ɗaki. Ranar nan na manta da wannan duka. Ban san sa'ad da na tsallake turmi na sure shi ba, ina jujjuya shi, ina laluben kansa da ƙafafunsa, ina kiran sunansa da ƙarfi. Bai ko farka sosai ba. Inna ta kau da kai kamar ba ta ji ba. Har yau da nake rubutun nan, in zabi suka yi shiru sai in ɗaga kai in dubi sama.

Da ƙura ta lafa muka matsa. Ƙasar masussuka ta sha duka har ta yi tauri kamar daɓe, amma abin ya huda ta ya zauna a ɗan rami. Baƙin dutse ne, bai kai kan akuya girma ba, gefe ɗaya ya ɓalle.

"Aradu ce," in ji Inna. "Kada ki kusance ta. Sai an kashe ta da nono."

Na ce, "Aradu babu hadari?"

"Ke ƴar lakkol, bokonki bai gaya miki ba? Mai hadarin ne ya aiko ta. Zai nemi izininki ne?"

Ta nufi gida da sauri ɗebo nono. Ni kuma na tsaya da yaro a kafaɗa, sai idona ya faɗa kan ɓallin da ya yi tsalle ya faɗi cikin ƙaiƙayi. Bai fi ɗan yatsa biyu ba. Na taɓa shi da bakin ƙwarya, na taɓa da farce, sannan na ɗauka. Na zaci zai ƙone ni. Sanyi gare shi, kamar an tsamo shi daga gindin randa. Bayansa baƙi ne, ɓawo siriri kamar ƙanzon tukunya, cikinsa kuwa launin toka, kuma duk jikinsa ƙwayoyi ne ƙanana masu zagaye. Na ɗauka geronmu ne ya manne masa, na kankare da farce. Ba gero ba ne. Dutse ne shi ma, ƙwaya a jikin ƙwaya, wasu sun kai ƙwayar gero, wasu ba su kai ba. Ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba. Da na hango mutane suna tahowa sai na cusa shi a ƙirjina, cikin riga, inda nake sa salula.

Gari ya taru. Inna ta kwarara nono a ramin, maƙeri ya tono dutsen da awartaki aka kai gidan maigari, malamai suka yi addu'a, kowa yana faɗin inda yake sa'ad da ya ji ƙarar. A wurinsu magana ta ƙare ke nan. Muka koma muka ƙarasa sheƙa, na yi tuwo, na manta da abin da ke cikin rigata.

Sai da la'asar, da na shiga ɗaki zan ba yaro nono, ɓallin ya faɗo a cinyata. Inda ya kwanta fatar ta yi ja.

Na yi karatu a Tanut har na gama kolej kafin a yi mini aure a karkarar Olelewa. A aji na ƙarshe malamin da muke ce wa Mushe, wanda ke koya mana ilimin ƙasa da halittu, ya taɓa yi mana darasi a kan wasu duwatsu masu fitar da wani irin haske da ido ba ya gani. Ba shi da wari, ba shi da zafi, yana ratsa fata ya shiga jini, kuma uwa tana iya ba ɗanta shi a nono. Na haddace na rubuta a jarrabawa, na ci. Ga kuma kawuna da ya yi aiki a ramukan haƙar ma'adinai can arewa, wanda yake ba mu labarin ƴar na'urar da suke maƙalawa a ƙirji don ta auna abin da jiki ya sha. A ƙirji. Na dubi jan tabon, na dubi bakin yaron da ya riga ya buɗe yana nema, sai na ja riga na rufe.

Na ɗauki ɓallin da cokali na jefa a gwangwanin tumatir, na naɗe da tsumma, na kai bayan rumbu na binne. Na wanke ƙirjina da sabulu har ya ƙara yin ja. Na tatsi akuya na dafa, na riƙa ɗiga masa da cokali. Yana sha yana tofarwa yana kuka.

Maigidana ya tafi cin rani, ba shi da waya a inda yake. Inna kuwa ban iya gaya mata ba, tunda ta ce kada in kusanci abin. Saboda haka in yaron ya fara kuka sai in miƙa mata shi in fita, in tafi rijiya ko in tsiri wanki. Ita kuwa sai ta fassara abin yadda ta sani. Ta ɗauka kunyar abin da na yi a masussuka ce ta kama ni, ina ramawa. Na ji ta ta kan danga tana gaya wa maƙwabciya, "Ƴar lakkol ɗin nan ta fara hankali. Yanzu ko kallonsa ba ta yi a gabana." Tana zaton ina ba shi a ɓoye. Tana rawa da shi tana cewa, "Maigidana, yi shiru, ni ce taka, waccan ba ta san darajarka ba."

Ni kuwa ƙirjina ya cika ya yi tauri kamar ɗanyen goruba, ko hannu ba na iya ɗagawa. Zazzaɓi ya fara zuwa, na ce shi ke nan, alamar ce ta soma. Ina taje kai ina duba matajin ko gashi ya fara zuba. Kukan yaron ya sauya, ya zama siriri, ba ya kai ƙarshe.

Da safe ne Inna ta gane. Tana yi masa wanka ta shafa maɗigarsa ta ji ta faɗa. Ta ɗago ta dube ni, ta ga gaban rigata a jiƙe sharkaf.

"Zo nan. Yaushe rabonsa da nono?"

Na durƙusa na gaya mata duka. Ba ta yi faɗa ba. Ta miƙo ƴar ƙwarya ta ce in tatsa, ta je gindin danga ta kamo tururuwa ta zuba a ciki, yadda ake gwada nonon mai jego. Tururuwan suka yi iyo suka haye bakin ƙwarya suka tafi abinsu.

"Kin gani? Lafiyarsa lau. Karɓi ɗanki."

Na ce, "Inna, wannan abin tururuwa ba ta jinsa. Ba a ganinsa, ba ya kisa yau. Sai bayan shekaru."

"Abin da ba a gani, ba a ji, ba ya kashe ko tururuwa. Wa ya sa miki wannan a kai?"

"Mushenmu na kolej."

Ta gyara ɗaurin zaninta. "Yana da rai?"

"Yana Tanut."

"Gobe kasuwa. Wanda ya ɗaura shi zai kwance."

Muka bi motar ƴan kasuwa, Inna ta goya yaron, ni kuma na riƙe gwangwanin a leda na miƙar da hannu ta gefen mota don kada ya kusanci kowa. Muka fara zuwa likita, wato asibiti. Ungozomar wurin ta duba tabon ta ce gurzuwa ce da gumi, ta taɓa ƙirjina ta yi mini faɗa, ta ce zazzaɓin na nonon da ya taru ne, in ba shi yanzun nan. Na ce dutsen fa? Ta ce ita ba ta karanci duwatsu ba. Wannan kalma ɗaya ta rushe duk sauran abin da ta faɗa.

Mun sami Mushe a rumfar ƙofar gidansa yana gyaran rediyo. Ya yi furfura fiye da yadda na san shi. Ya gane ni, ya fara tambayar bayan rabuwa, Inna ta katse shi.

"Malam, gaisuwa ta jira. Ka zuba wa yarinya karatu, karatun ya hana maigidana abinci. Ga shi nan, dube shi."

Na ba shi labarin duka. Ya ce ai su ma sun ji rugugin a nan. Ya karɓi gwangwanin, ya kwance tsumman, kafin in ankara ya juye ɓallin a tafin hannunsa.

Na yi ƙara. "Mushe, kada ka taɓa!"

Bai ko dube ni ba. Ya kai shi bakin rumfa inda rana take, ya juya baƙin ɓawon, ya juya cikin. Ya ɗauko maganaɗisun lasifikar rediyon ya kusanta, ɓallin ya ɗan motsa ya manne. Ya shiga gida ya fito da gilashin ƙara girma, ya sunkuya a kai. Ya daɗe. Da na ga bai ɗago ba, na ce a raina ya ga mutuwata.

"La'ilaha illallahu," in ji shi a hankali. "A hoto kawai na taɓa ganinsu. Tun ina jami'a. Ƴata, zo ki duba."

"Mushe, nonon…"

"Amsarki tana nan ciki. Duba tukuna."

Na karɓi gilashin. Abin da na gani da ido a masussuka ashe inuwarsa ce. Ƙwayoyin sun taso sun cika gilashin, kowace da irinta. Wata fara, wata ruwan ƙasa, wata da ɗan kore-kore. Ɗaya ta tsage biyu, cikinta da zane siriri kamar haƙoran mataji. Tsakaninsu ƴan ɗigon ƙarfe suna ƙyalli. An jera su an danne kamar gero a cikin damin da ba a taɓa kwancewa ba.

Ya ce, "Kin ga zagayen nan? Babu wani dutse na duniyar nan da ke da su. Haƙa rijiya, hau tsauni, je ramukan da kawunki ya yi aiki, ba za ki samu ba. Da su ake gane irin wannan dutsen, kamar yadda ake gane mutum da tsagar fuskarsa."

Ya nuna mana tsallaken hanya, inda wani mai walda yake haɗa ƙyauren ƙofa, tartsatsi yana tashi. Ya ce in mutum ya je ya duba ƙasa wurin ƙafafunsa zai ga ƴan ƙwallayen ƙarfe ƙanana birjik. Narkakken ƙarfe ne ya yi tsalle, ya sandare tun yana cikin iska. Duk abin da ya narke bai sami wurin zama ba, dunƙulewa yake ya yi zagaye.

"Kamar ƙanƙara," in ji Inna.

"Kamar ƙanƙara, Hajiya. Sai dai wannan ta wuta ce."

Ya ce sa'ad da rana take jaririya, babu duniya, babu wata. Ƙura ce kawai da iska mai yawa suke kewaya ta, faffaɗa kamar faifai. Ƙurar tana haɗuwa tana yin ƴan curi, irin wanda ake sharowa a ƙarƙashin gado. Sai wani zafi ya riƙa bugowa farat ɗaya, zafin da ya fi na maƙera, wanda yake narkar da dutse. Curin ya narke nan take ya zama ɗigo. Ɗigon yana shawagi, babu ƙasan da zai faɗa, babu abin da zai jingina da shi. Cikin ƴan sa'o'i ya huce ya sandare. Kowace ƙwaya da nake gani ɗigo ce da ta taɓa yin ja ita kaɗai a sarari, ga ƴan uwanta ba iyaka ta kowane gefe.

Na ce, "Me ya kawo zafin?"

"Wannan har yau masana ba su daidaita ba. Wasu sun ce wata bugawa ce mai ƙarfi take ratsa iskar. Wasu sun ce manyan duwatsu ne suke karo suna fantsama. Wasu kuma sun ce walƙiya ce a cikin ƙurar."

Inna ta gyara goyo. "Walƙiya. To ni me na ce tun farko?"

Mushe ya yi dariya har ya tuntsure hularsa. "Hajiya, in ma aradu ce, ta riga nononki da shekara fiye da miliyan dubu huɗu da ɗari biyar."

"Ai gara da na zuba. Ta daɗe da ƙishi."

Ni ban yi dariya ba. Ina ta ƙoƙarin sa lissafin nan a kaina, ya ƙi shiga. Ya ci gaba, ya ce daga baya ƙwayoyin suka haɗu da ƙura da ɗigon ƙarfe suka manne, ƙanana suka zama manya. Waɗanda suka yi girma sosai suka narke gaba ɗaya, zagayen ya ɓace, kamar yadda ba a ganin ƙwayar gero a cikin tuwo. Duniyar da muke takawa da irin wannan kayan aka tuƙa ta. Amma wasu ba su taɓa shiga tukunya ba. Suka yi ta kewaya rana a cikin sanyi, shi ya sa na ji shi da sanyi, don wutar faɗowa fatarsa kawai ta lasa. Ba a yi teku ba yana kewayawa. Ba a yi ƙasarmu ta Damargu ba, ba a yi gero ba, ba a yi mutum ba, yana kewayawa. Sai ranar da muka fita sussuka.

Na sake duban ƙwayar nan mai zanen mataji. Na yini da ita a jikin fatata ina tuƙa tuwo, ina korar awaki. Duk faɗin ƙasar Allah, dajin da babu kowa, hamadar da ke arewa da mu, amma ta sauka tsakanin turmina da ɗana, ba ta taɓa ko ɗaya ba. Inna ma ta daina barkwanci, tana ta motsa baki tana tasbihi.

Yaron ya yi ɗan kukan nan siriri a bayanta.

Na ce, "Mushe, hasken da ka koya mana."

Ya ajiye gilashin ya dube ni sosai, sai a lokacin ya ga rigata da idanuna. Fuskarsa ta sauya.

"Darasin gaskiya ne, amma ba na wannan dutsen ba ne. Akwai wani haske irin wancan da aka haife shi da shi, ya mutu tun kafin duniya ta gama haɗuwa. Ɗan abin da ke jikinsa yanzu bai kai na dutsen niƙan gidanku ba, wanda kike durƙusa a kansa kullum. Mutane suna riƙe irinsa da hannu, suna ajiye shi a ɗakinsu har su tsufa. Tabon nan kaifin bakinsa ne." Ya rufe hannunsa a kan ɓallin ya kai ƙirjinsa ya danna. "Kin gani? Babu abin da ya shiga jikinki. Nononki lafiyarsa lau. Ba shi."

Ladan ya fara kiran azahar daga masallacin kasuwa. Inna ta kwance goyo ta miƙo shi, tana nuna mini ƙofar gidan da haɓa, wato in shiga daga ciki wurin matan gida. Ban kai can ba. A nan bakin rumfa na zauna a ƙasa, gaban uwar mijina da malamina, na ja mayafi na sa shi. Ya kama da ƙarfi har na cije leɓe. Ina jin haɗiyarsa, ƙwat, ƙwat, hannunsa yana buɗewa a hankali a kan jan tabon.

Mushe ya juya baya ya koma kan gilashinsa. Inna ta tsaya a gabana ta baza zaninta ta tare ni daga masu wucewa.

"Sha, maigidana," ta ce. "Yau na yafe mata. Sha."